Kujerar Koci Ba Gadon Gida Ba Ce

Yau maganar ƙwallon kwando zan yi, ta jami'o'in Amurka, kuma ina roƙon wanda bai damu da wasanni ba ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, domin cutar da zan yi magana a kanta mu ma mun san ta, har ma mun fi Amurkawan sanin zafinta.

Duk shekara idan watan Maris ya kama, ana buga babbar gasar jami'o'i ta hukumar NCAA, wadda idan aka ci ka sau ɗaya ka fita ke nan. Ana gama fitar da ƙungiyoyi sai a shiga kakar korar kociyoyi da naɗa sababbi. Kuma duk jami'ar da kujerar babban kocinta ta zama babu kowa, magana ɗaya ce take fara fitowa daga bakin tsofaffin 'yan wasa da tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni: a ba ɗan gida. A ba wanda ya sa rigarmu, ya san al'adarmu, yake jin ciwon makarantar nan a ransa. Maganar tana da daɗin ji. Ni dai a ganina guba ce, kuma babu inda ta nuna dafinta a fili kamar Jami'ar Louisville daga 2022 zuwa 2024.

Bari in fara da yadda abin yake tafiya, don kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. Jami'o'i fiye da 350 ne suke buga ƙwallon kwando a rukuni na ɗaya. A jihohin Amurka da dama, ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa albashi shi ne kocin ƙwallon jami'ar jiha, ya fi gwamna nesa ba kusa ba. A takarda, daraktan wasanni ne ke zaɓen koci, shugaban jami'a da majalisar amintattu su sa hannu. To amma a bayan labule akwai attajiran da suke zuba wa ƙungiya kuɗi, akwai tsofaffin taurarin da 'yan jarida ke rububin jin ta bakinsu, akwai kuma dubban masu sayen tikitin shekara. Daraktan da ya saɓa wa waɗannan, ya san kujerarsa ma tana rawa. Saboda haka hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ba su abin da suke so, in ya so idan abin ya lalace kowa yana da hannu a ciki.

Louisville, garin su Muhammad Ali a jihar Kentucky, ba ƙaramin gida ba ne a wannan wasa. Sun ci kofin ƙasa a 1980 da 1986. Sun sake ci a 2013, amma NCAA ta soke wannan nasara a 2018 saboda karya dokokinta. Zauren wasansu yana ɗaukar mutum kusan 22,000. Ɗan wasanmu na D'Tigers, Jordan Nwora, a nan ya yi wasa daga 2017 zuwa 2020. A 2017 suka rabu da Rick Pitino cikin abin kunya, suka ɗauko Chris Mack daga Jami'ar Xavier a 2018, shi ma suka rabu da shi a Janairun 2022. Ran magoya baya ya ɓaci, sun gaji da baƙi, sai kiran ya tashi cewa a dawo da ɗan gida ya share musu hawaye.

Ɗan gidan shi ne Kenny Payne. Ya buga wa Louisville wasa daga 1985 zuwa 1989, yana cikin yaran da suka ɗauko kofin 1986. Ya yi mataimakin koci a Oregon, ya yi shekara 10 yana mataimakin John Calipari a Jami'ar Kentucky, sannan ya yi mataimaki a New York Knicks. An san shi da iya zawarcin matasan 'yan wasa da iya horar da dogayen cikinsu, wannan ba wanda zai yi musu. Abin da bai taɓa yi ba ko sau ɗaya shi ne riƙe ƙungiya a matsayin babban koci, ko da ta sakandare ce. A watan Maris na 2022 aka ɗora shi a kan ɗaya daga cikin kujerun da suka fi kowace zafi a ƙasar, aka yi masa tarba kamar ta ango.

Hausawa suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tun a wasan gwaji kafin a fara kaka, wata ƙaramar makaranta ta rukuni na biyu mai suna Lenoir-Rhyne ta zo har gida ta doke su. Aka fara kaka, suka faɗi wasa uku na farko, kowanne da maki ɗaya tal, na farkon ma a hannun Bellarmine ne, ƙaramar jami'ar da suke gari ɗaya da ita. Sai da suka faɗi wasa 9 a jere kafin su ɗanɗana nasara. Aka rufe kakar da nasara 4, faɗuwa 28. Shekara ta biyu wata 'yar rukuni na biyun, Kentucky Wesleyan, ta sake doke su a wasan gwaji, aka ƙare da nasara 8, faɗuwa 24. Jimilla nasara 12, faɗuwa 52. Zauren da ke cika maƙil ya koma kujeru zalla. A watan Maris na 2024 aka sallame shi, aka kuma biya shi miliyoyin daloli na ragowar kwantiraginsa.

Sai suka ɗauko Pat Kelsey, mutumin Cincinnati da bai taɓa zama a aji a Louisville ba. Abin da yake da shi shi ne shekara 12 yana babban koci a ƙananan jami'o'i, 9 a Winthrop, 3 a Charleston, inda ya yi nasara 31 a kaka guda. Ya tarar da gida kango, ya tattaro sababbin 'yan wasa kusan gaba ɗaya daga wasu makarantu. A kakarsa ta farko suka yi nasara 27, faɗuwa 8, suka koma gasar NCAA karon farko tun 2019. Creighton ta fitar da su a zagayen farko, wannan gaskiya ne. Amma daga 8 zuwa 27 a shekara guda, a zaure ɗaya, da riga ɗaya, gani ya kori ji.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba Kenny Payne nake tuhuma ba. An yi wa mutum tayin aikin da kowa ke mafarki, a makarantar da yake ƙauna, wa zai ce ba ya so? Bayan an sallame shi ya koma aikin da ya ƙware a kai, mataimakin Calipari a Arkansas. Waɗanda nake tuhuma su ne masu zaɓen, da masu matsa musu lamba. Illar kalmar ɗan gida ita ce tana kashe tambaya. Idan baƙo ya zo neman aiki, za a tsare shi: wace irin ƙwallo za ka buga, su wa za ka ɗauko su taimaka maka, me ka yi lokacin da aka ci ka wasa biyar a jere, ina shaidar aikinka? Idan ɗan gida ne, sai a tuna hotonsa yana matashi riƙe da kofi, idanu su ciko da hawaye, a manta da duk tambayoyin. So hana ganin laifi.

Kuma ku dubi abin mamaki. Payne haifaffen jihar Mississippi ne. Ya bar Louisville tun 1989, shekara 33 kafin a naɗa shi, kuma 10 daga cikinsu ya yi su ne a gidan babbar abokiyar gabarsu, Kentucky. Yaran da aka ce ya horar ba a ma haife su ba lokacin da ya sa rigar. To wane gida ya sani? Gidan da yake cikin ƙwaƙwalwar dattawa, wanda ya daɗe da rushewa.

Wasan kansa ya sauya. Tun 2021 ɗan wasa yana iya barin makaranta ya koma wata ya ci gaba da wasa ba tare da ya zauna shekara guda a benci ba. A watan Yuli na wannan shekarar aka halatta musu karɓar kuɗin talla da sunansu. A 2025 kuma kotu ta amince da yarjejeniyar da ta ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye. Kocin yau mai ciniki ne, mai lissafin kasafi ne, mai sake ɗinka ƙungiya ne duk bazara. Yaro ɗan shekara 19 da ya zo daga wata jiha ko daga Legas ko Dakar, ba ruwansa da wanda ya jefa ƙwallo a 1986. Yana so ya san ko za a gyara masa wasa, ko za a sa shi a fili, ko za a cika masa alƙawari.

Wani zai ce ai Louisville kaɗai ce, tsautsayi ne. To mu leƙa maƙwabta. Da yawanmu mun san Patrick Ewing, wanda ya ja Georgetown ta doke Houston ta su Hakeem Olajuwon a wasan ƙarshe na 1984. Babu ɗan gidan da ya kai shi a wannan makaranta. A 2017 suka ba shi kujerar bayan ya yi shekara 15 yana mataimaki a NBA. Ya ci kofin ƙarshen kaka na yankinsu, Big East, a 2021, amma shekarar da ta biyo baya suka buga wasa 19 na yankin ba su ci ko ɗaya ba. Sai a 2023 aka iya sallamarsa, da nasara 75, faɗuwa 109. Clyde Drexler, abokin wasan Olajuwon, ya ajiye riga a NBA a 1998 ya zarce kujerar koci a Jami'ar Houston, ya yi kaka biyu da nasara 19, faɗuwa 39, ya sauka. Chris Mullin a St. John's daga 2015 zuwa 2019, faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa. Juwan Howard ya fara da kyau a Michigan, ya ƙare a 2024 da nasara 8, faɗuwa 24.

Nan ne illa ta biyu take. Ɗan gida yana da wuyar kora. Wa zai iya kallon Ewing, mutumin da sunansa ya ɗaga makarantar, ya ce masa tattara kayanka? Sai a yi ta jan ƙafa, ana ƙara shekara, ɗaliban da suka zo da burinsu suna ƙonewa a banza, alhali ɗan wasan jami'a 'yan shekaru ƙalilan gare shi. A ƙarshe kuma gwarzon da ake cewa ana karramawa shi ne ake yi wa ihu a zauren da ya taɓa zama sarki. An rasa wasa, an rasa kuɗi, an zubar wa dattijo mutunci.

Babban abin da ya fi ba ni haushi shi ne, al'adar gidan da ake ta kururuwar a kare, baƙi ne suka gina ta. Denny Crum, wanda ya ci wa Louisville kofin 1980 da na 1986, mutumin Kalifoniya ne, ɗan makarantar UCLA, a 1971 ya zo. Da an ce sai ɗan gida a wannan shekarar, da babu kofin da Kenny Payne zai ɗaga. Adolph Rupp da ya riƙe Kentucky daga 1930 zuwa 1972 ya ci kofi 4, daga Kansas ya fito. Dean Smith, uban North Carolina, shi ma ɗan Kansas ne. Bob Knight da ya ci wa Indiana kofi 3, a Jami'ar Ohio State ya yi karatu. John Wooden da ya ci wa UCLA kofi 10 tsakanin 1964 da 1975, mutumin Indiana ne, ɗan makarantar Purdue. Mike Krzyzewski na Duke, mai kofi 5, yaron Chicago ne da ya fito daga makarantar sojoji ta West Point. Duk gidan da ake taƙama da shi yau, ka tona harsashinsa za ka tarar da gumin baƙo.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Ta farko: ai akwai 'yan gidan da suka yi nasara. Ƙwarai kuwa. Roy Williams ɗan North Carolina ne, ya ci musu kofi a 2005 da 2009 da 2017. Amma kafin ya dawo gida a 2003 sai da ya yi shekara 15 yana riƙe da Kansas, duk duniya ta ga aikinsa. Tom Izzo ya gaji kujerar Michigan State a 1995 daga matsayin mataimaki, ya ci kofi a 2000. Amma ya yi fiye da shekara 10 a kan wannan bencin, masu naɗa shi suna kallon aikinsa safe da yamma. Waɗannan da hujja aka ɗauke su. Zama ɗan gida ba laifi ba ne, kuma ba zan ce a cire sunan kowa saboda shi ba. Abin da nake cewa, ba takardar shaidar ƙwarewa ba ce. Ɗan gida ya shiga layi, a yi masa tambayoyin da ake yi wa kowa.

Ta biyu: ai ba a ba Payne lokaci ba, ga Duke ta yi haƙuri da Krzyzewski. Gaskiya ne shekara uku na farkon Krzyzewski sun ƙare da nasara 38, faɗuwa 47, kuma an yi ta kiran a kore shi. Amma ya zo ne da shekara 5 na riƙe ƙungiyar sojoji, kuma tun 1982 ya tara yaran da kowa ke ganin suna tasowa. Su ne suka kai wasan ƙarshe a 1986, inda Louisville ɗin nan ta doke su da maki 72 da 69. Haƙuri yana da ma'ana idan an ga tsiro. Wanda ya shuka shekara biyu bai ga ko ɗanyen ganye ba, sannan maƙwabci ya karɓi gonar ya cika rumbu a damina ɗaya, ba ƙarancin ruwa ne ya same shi ba.

Ta uku ita ce mafi nauyi. Payne shi ne baƙar fata na farko da aka ba wannan kujera ta dindindin, a makarantar da baƙaƙen fata suka daɗe suna ɗauke da ƙungiyarta a kafaɗunsu. Masu cewa an daɗe ana tauye baƙaƙen kociyoyi ba ƙarya suke yi ba. To amma mu duba waɗanda suka fara fasa wannan katanga. John Thompson, baƙar fata na farko da ya ci kofin, a 1984, a Providence ya yi karatu, kuma daga kocin sakandare Georgetown ta ɗauko shi a 1972 saboda an ga aikinsa. Nolan Richardson ya nuna kansa a Tulsa kafin ya ci wa Arkansas kofi a 1994. Tubby Smith ya riƙe Tulsa da Georgia kafin ya ci wa Kentucky a 1998. Babu ɗan gida ko ɗaya a cikinsu. Da dokar sai ɗan gida aka bi, da ba su shiga ba, domin kuwa wasu makarantun sun yi shekaru aru-aru ƙofarsu a rufe take ga baƙar fata. Kentucky sai a kakar 1970 zuwa 1971 baƙar fata ya fara buga mata wasa. Duk dokar da ta ce a fifita na ciki, tana aiki ne ga wanda aka fara buɗe wa ƙofa. Wanda aka zalunta, abin da ya fi yi masa amfani shi ne a auna kowa da mudu ɗaya.

'Yan'uwa mazauna Kurmi, wannan magana ai ba sai an yi mana fassara ba. Unguwar Sabo ta Badun ta haura shekara 100 da kafuwa, amma jikan wanda ya kafa ta idan ya je neman aikin gwamnatin jiha ko tallafin karatu, takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma za a fara tambayarsa. Haka abin yake a Agege da Shagamu da Inugu da Fatakwal. Mun san ɗacin a ce maka baƙo raɓa ɗan gari kaba, a garin da aka binne cibiyarka. To abin da ba ma so a yi mana, me ya sa muke yi wa junanmu? Idan za mu zaɓi mai horar da yaran unguwa, ko shugaban makarantar da muka gina da kuɗin karo-karo, sau nawa muke fara tambayar me ya iya, kafin mu tambayi ɗan gidan wa ne, Bakano ne ko Basakkwace?

Kuma muna da misali a ƙwallon kwandon tamu. Oliver Johnson, Ba'amurken da aka fi sani da OBJ, ya zauna a Zariya shekara da shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. A hannunsa Masai Ujiri ya koyi wasa yana yaro, shi ne kuma ya girma ya haɗa ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Da Zazzagawa sun ce ba su yarda ba sai ɗan gari, da an yi asarar da ba wanda zai ma san an yi ta.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata duk kwamitin zaɓen koci ya yi, a Louisville yake ko a wata jami'ar tamu da ke shirin gasar NUGA. A rubuta abin da ake nema tun kafin a ambaci sunan kowa. A kira aƙalla mutum uku ko huɗu, a yi musu tambayoyi iri ɗaya. A nemi yaran da suka taɓa wasa a ƙarƙashinsu, har da waɗanda suka rabu baram-baram, a ji ta bakinsu. A dubi abin da mutum ya yi lokacin da ba shi da kuɗi ba shi da taurari, domin a nan ake gane gwani. A rubuta kwantiragin da za a iya warwarewa ba tare da an tsiyata makaranta ba. Tsofaffin taurari kuma a ba su kujerar gaba, a rataye rigunansu a saman zaure, a sa wa titi sunansu, sun cancanci haka da ma fiye. Idan ɗaya daga cikinsu yana son aikin, ya je ya fara a ƙaramar makaranta kamar yadda su Kelsey da Richardson suka fara, ya dawo da sakamako a hannu, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan shi ne ra'ayina. Wanda yake ganin 12 da 52 tana da wata fassarar da ban hango ba, ya kawo alƙalumansa mu auna. Allah ya sa mu dace.